Muhawara: Shin iya lissafin kuɗi ya isa a ba mutum amanar jama'a?

Akanta daga Zariya: Jama'a, ra'ayina shi ne akanta ya fi kowa dacewa da kujerar majalisa, don aikin majalisa rabinsa kasafin kuɗi ne. Ku dubi Harinder Takhar. Haifaffen Indiya ne, ya shiga Kanada a 1974, ya samu shaidar ƙwarewa a aikin akanta, har ya riƙe kuɗin hukumar makarantun yankin Peel. A 2003 mutanen Mississauga suka zaɓe shi majalisar lardin Ontariyo, Firimiya Dalton McGuinty ya ba shi ministan sufuri. Baƙo ne fa, ba ɗan gado ba.

Hajiya Malama: Malam, ka faɗi rabi ka bar rabi. A Janairun 2006 kwamishinan ɗa'a na majalisar, Coulter Osborne, ya same shi da saɓa dokar ɗa'a ta 'yan majalisa. Ina lissafin ya tafi a lokacin?

Akanta daga Zariya: Hajiya, ai ba sata aka ce ya yi ba.

Hajiya Malama: Ban ce sata ba, Allah Ya kiyaye in yi masa ƙazafi. Ga abin da ya faru. Yana da kamfani, Chalmers, mai ƙera kayan manyan motoci. Doka ta ce idan ka zama minista, ka damƙa harkarka ga wani amintacce, ka janye hannunka gaba ɗaya. To, mutumin da ya damƙa wa sai ya zama shi ne kuma mai riƙe kuɗin jam'iyyarsa a mazaɓarsa. Aka kuma gan shi a ofishin kamfanin a 2005. Ministan sufuri, kamfanin kayan motoci! Kai da kanka ka san dalilin da ya sa mai riƙe makullin sito ba ya binciken littafin siton. Wannan darasin farko ne a aikinku, shi ya sa abin ya fi yi mini ciwo da ya fito daga akanta.

Ɗalibi a Toronto: Mama, ki yi mini izini. 'Yan adawa sun nemi a cire shi, McGuinty ya ƙi. Masu zaɓe kuma suka sake mayar da shi a 2007 da 2011 da 2014, ya zauna har 2018. Sun san labarin, suka ga bai kai a kore shi ba.

Hajiya Malama: Ɗana, sun yafe, haƙƙinsu ne. Amma kar ka manta a shekarar 2006 ɗin aka ɗauke shi daga sufuri zuwa ma'aikatar ƙananan sana'o'i.

Direban tirela: Ni abin da ya tsaya mini a rai, an bincike minista mai ci, an rubuta rahoto, kowa ya karanta.

Akanta daga Zariya: Haka ne. Amma ina nan kan bakana: wanda bai iya karanta kasafi ba, ma'aikata za su riƙa juya shi yadda suke so.

Hajiya Malama: Ya iya karantawa, ban musa ba. Ni tambayata, wa zai karanta nasa littafin? Ka amsa mini wannan tukuna, Malam.