In ƙauna ce tushen bangaskiya, ina za a ajiye "tsoron Ubangiji"?

Mai neman sani:
Salama gare ku iyaye da 'yan'uwa. Karin Magana 9:10 ta ce tsoron Ubangiji shi ne mafarin hikima, 1 Yohanna 4:18 kuwa ta ce babu tsoro a cikin ƙauna, cikakkiyar ƙauna korar tsoro take yi. To wanne ne tushe? Kuma wanda aka damƙa wa ajin masu shirin baftisma, da wanne ya kamata ya fara? Don Allah a taimaka da ayoyi da tsarin koyarwa.

Fasto mai ritaya:
Ɗana, ayoyin ba sa karo da juna, tsoron ne kashi biyu. Buɗe Fitowa 20:20. Jama'a na rawar jiki a gindin Dutsen Sinai, Musa ya ce musu kada su ji tsoro, bai rufe baki ba kuma ya ce Allah ya zo ne domin tsoronsa ya kasance a gabansu, kada su yi zunubi. Aya ɗaya ta hana wani tsoro, ta umarci wani.

Yohanna ya fayyace wanda yake nufi, wato tsoron da ke tattare da hukunci. Aya ta 17 maganar ranar shari'a take yi, kalmar Helenancin da ya yi amfani da ita don hukunci a aya ta 18 kuma, kolasis, ita ce ke Matiyu 25:46 a kan hukunci na har abada. Wannan shi ne tsoron bawa, wanda Romawa 8:15 ta ce ba shi muka karɓa ba, Ruhun zama 'ya'ya muka karɓa, har muna kiran Allah "Abba".

In kana so ka bambance su, duba inda tsoron yake kai ƙafar mutum. Adamu ya ji tsoro ya ɓuya, Farawa 3:10. Mai Zabura 130:4 kuwa cewa ya yi akwai gafara a wurin Allah, shi ya sa ake tsoronsa. Ka lura, gafara ce ta haifi wannan tsoron. Agustin, bishop na birnin Hippo a Arewacin Afirka, wanda ya rasu a shekarar 430, ya kwatanta da mata biyu: maciya amana tana tsoron kada miji ya dawo, mai aminci tana tsoron kada ya tafi. Ya kuma ce tsoron hukunci kamar allura ne a ɗinki, ita ke fara shiga, amma in ba ta fita ba zare ba zai bi ba.

Malamar makarantar Lahadi:
Baba Fasto ya gama da tushe, bari in ɗora da tsari. Ɗan'uwa, bi jerin da Littafi Mai Tsarki kansa ya bi. Kafin Dokoki Goma, sai da Allah ya fara cewa shi ne ya fito da su daga gidan bauta, Fitowa 20:2. A wasiƙar Afisawa, surori 1 zuwa 3 abin da Allah ya yi ne, sai a sura 4 aka shiga yadda za a yi zama.

In zama shida kake da shi, ba biyun farko ga halin Allah da gicciye: Luka 15 gaba ɗaya, da Romawa 5:6-8, da 1 Yohanna 4:9-10. Na uku zunubi da hukunci, a faɗe su ƙarara. Na huɗu tuba da tabbacin ceto daga Romawa 8. Biyun ƙarshe biyayya da addu'a da hidima, ka kafa su a kan Yohanna 14:15, inda ƙauna ta riga kiyaye umarni. A ƙarshen kowane zama tambaye su, "Me ya sa Allah zai karɓe ka?" Wanda ya fara lissafa azuminsa da baikonsa, koma da shi Afisawa 2:8-9 kafin ku ci gaba.

In aka juya jerin, ga abin da ke biyo baya. Mutum zai riƙa fitowa gaba don karɓar Yesu duk lokacin da aka yi wa'azin wuta, domin bai taɓa samun tabbaci ba. Zai ɓoye zunubi maimakon ya furta. Zai ba da baiko kamar mai biyan tara. Wani kuma sai ya daskare, kamar bawan nan na Matiyu 25:25 da tsoro ya sa ya binne talanti, wato kuɗin da ubangidansa ya damƙa masa. Mafi ban tausayi shi ne irin babban wan nan na misalin ɓataccen ɗa, Luka 15:29, yana cikin gida shekara da shekaru, amma kallon kansa yake a matsayin bawa. Yara ƙanana kuwa, don Allah a daina ce musu "Allah zai ƙona ka" don su yi shiru. Hoton Allah na farko da yaro ya ɗauka yana da wuyar gogewa.

Dattijon ikkilisiya:
Mama, na yarda, sai dai a kula kada a gudu daga rami a faɗa rijiya. Akwai masu jin "Allah ƙauna ne" su ɗauka an soke hukunci. A Matiyu 10:28 Yesu ya ce a ji tsoron wanda yake da ikon hallaka rai da jiki a Gidan Wuta, a aya ta 31 kuma ya ce kada a ji tsoro, mun fi gwarare masu yawa daraja. A karanta 28 zuwa 31 tare, kada a yanke. Haka Ibraniyawa 12: horon Uba ga ɗan da yake ƙauna a aya ta 6, Allah wuta mai cinyewa a aya ta 29. Don haka zama na uku na tsarinki, kada malami ya ji kunyarsa ya tsallake.

Mai neman sani:
Na gode ƙwarai. Saura ɗaya, Baba Fasto: wanda ya san duk waɗannan ayoyi amma kullum yana jin Allah ya yashe shi fa?

Fasto mai ritaya:
Kada ka tsawata masa, ƙarin tsoro ne. Fara tambayarsa ko akwai takamaiman zunubi. In akwai, ya ambace shi da sunansa a gaban Allah bisa 1 Yohanna 1:9, ya mayar da haƙƙin wanda ya cuta in da hali, sannan kada ya sake furta wannan laifin gobe kamar ba a gafarta ba. In ba ya iya nuna laifi, nauyi ne kawai marar suna, ku karanta 2 Korantiyawa 7:10 tare, ku dubi Yahuda da ya ba da Yesu, da Bitrus da ya yi musun saninsa. Dukansu sun yi nadama, amma Yahuda ya tafi shi kaɗai, Bitrus ya koma wurin Yesu, tambayar da Yesu ya yi masa har sau uku a Yohanna 21 kuwa ita ce ko yana ƙaunarsa.

Ba shi Romawa 8:31-39 ya karanta da murya safe da yamma har wata guda, ku riƙa haɗuwa sau ɗaya a mako. In kuwa abin ya kai ga rashin barci, ko maimaita addu'a ɗaya sau goma don gudun kuskure, ko maganar kashe kansa, ka raka shi wurin likita ba tare da jinkiri ba, ku kuma ci gaba da haɗuwarku ta mako.