Neman kalma: yaya za mu ce "protectionism" a rediyo?

Mai shirin rediyo: Assalamu alaikum. Ƙarfe 4 na yamma zan shiga shiri kan muhawarar Amurka: kuɗin fiton da Trump ya ɗora wa kayan waje a Afrilun 2025, da takura wa baƙin haure. Ita aƙidar ta protectionism, wato ɗora wa kayan waje haraji don kar su danne na gida, ita ce na rasa sunanta da Hausa. A taimaka.

Malamin sakandare: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kariyar kasuwa. Kowa zai gane.

Tsohuwar edita: Malam, kariya kalmar yabo ce. Da ta faɗe ta ta shiga sahun masu cewa harajin zai dawo da masana'antu gida. Su kuwa masu adawa cewa suke mai saye ne ke biya, kuma suna kafa hujja da dokar Smoot-Hawley ta 1930 da ta ƙara kuɗin fito a Amurka, wadda ta sa wasu ƙasashe suka rama, ciniki ya ƙara durƙushewa.

Bakatsine: Katangar ciniki! Na daɗe ina faɗar wannan. Katanga tana tare kaya, tana tare mutum, kin ga ta haɗa miki batun baƙin hauren ma.

Tsohuwar edita: Ai nan matsalar take. Akwai masanan da ke son a buɗe wa kaya ƙofa a taƙaita shigowar mutane, akwai masu son akasin haka. Kar a cusa su buhu ɗaya. Kuma mai sauraro zai ɗauka katangar iyakar Meziko ake nufi.

Bakatsine: Hajiya, da Buhari ya rufe iyaka a Agustan 2019 har Disamban 2020, mu a Jibiya me muka gani in ba katanga ba? Shinkafar waje ta koma shigowa a babur ta daji, buhu ya yi tsada.

Bamaraɗe: Mu ma nan mun sha wahalarta. Amma ku daina yanke wa Hausa hukunci daga Najeriya kaɗai. Mu duwan muke cewa, ku kwastam, in aka zo rediyo taku kawai ake ji.

Mai kishin harshe: Duk aro ne. Ni ko haraji ba na so, Larabci ne.

Malamin sakandare: Allah gafarta malam, to sai ka ajiye arzikin da ke cikin tattalin arziki, shi ma daga Larabci yake. Kalmar da kakanninmu suka biya kuɗi da sunanta ta zama tamu.

Mai kishin harshe: Shi ya sa Sawahili ta wuce mu, suna da hukumar da ke tsayar da kalmomi.

Mai shirin rediyo: Iyayena, uku ta gota. A dawo kan kalmar don Allah.

Tsohuwar edita: Ki ce manufar fifita kayan gida. Fifitawa aiki ce da ake gani, ba yabo ba zagi. Karon farko ki ƙara da "ta hanyar tsawwala wa na waje kuɗin fito". Batun shige da fice ki ba shi jimlarsa daban.

Malamin sakandare: Ta yi tsawo, ba za ta zauna a kanun labarai ba. Amma na yau ta wadatar.

Bakatsine: Ban yarda ba, fifitawa ba ta nuna zafin abin. Ki bar mini katangar ko sau ɗaya a tsakiyar shirin.

Mai shirin rediyo: Fifita kayan gida na ɗauka, Hajiya, na gode. Yaya Bakatsine, in baƙona ya furta katanga da bakinsa ba zan tare shi ba.