Saƙon bashin da ya fita da daddare: laifin argparse ne ko rashin DI?

Ɗan Aboabo: Salamu alaikum jama'ar zaure. Jiya na sha kunya. Kawuna yana da shagon yadi a kasuwar Kejetia ta Kumasi, masu ɗaukar kaya bashi sun yi masa yawa, sai na rubuta masa 'yar manhaja da Python wadda ake kira daga taminal. Tana karanta sunaye daga fayil, ta tura wa kowa SMS: ga sidi nawa ake bin ka, ga lambar MoMo. Bayan isha'i na zauna gwaji, na buga `tuna --aika False` don kada komai ya fita. Wallahi sai da saƙo ya fita, har wurin surukin kawu da ya biya tun kafin azumi, ni ne ban goge sunansa ba. Da asuba kawu ya kira ni, ko gaisuwata bai amsa ba. Wani abokina ya ce da na yi DI (dependency injection, wato miƙa wa kod kayan aikinsa daga waje) da hakan ba ta faru ba. Ni kuwa na ce manhajar da ba ta kai layi 200 ba, ina ruwanta da DI?

Malamin Tafo: Wa alaikumus salam. Yaro, kafin a kai ga DI, ba `type=bool` ka rubuta a argparse, laburaren Python mai karanta umarnin taminal, ba?

Ɗan Aboabo: Shi na rubuta, Malam. Yaya aka yi kuka sani?

Malamin Tafo: Ramin nan ya ci mutane da yawa kafin kai. Duk abin da ka buga a taminal, rubutu ne yake isa ga manhaja. A wurin Python kuma rubutun da ba fanko ba gaskiya ne, ko da kalmar False ce. Ka ce mata kar ta aika, ita ta ji "aika". Sa `action="store_true"`: in tutar `--aika` na nan a aika, in babu a yi shiru. In kana son `--aika` da `--no-aika` duka, tun Python 3.9 akwai BooleanOptionalAction. Gyaran layi ɗaya ne. Abokinka so yake ka sayi tirela don ɗaukar buhun gawayi. Linus Torvalds ya rubuta Git, manhajar adana tarihin kod, a 2005 da yaren C, ba kwantenar DI (laburaren da ke haɗa maka kayan da kansa) ko ɗaya, ga shi duk muna ci da shi.

'Yar Asawase: Malam, kun gano ciwon, amma a gafarce ni, ban yarda an gama ba. Tambayata ita ce, me ya sa yaron nan ba shi da hanyar gwada manhajarsa sai da lambobin mutane na gaske? Ƙanena, a ina ka haɗa abin da ke tura SMS ɗin?

Ɗan Aboabo: A cikin fankshan ɗin da ke zagaya sunayen, Yaya. Nan yake ɗauko makulli ya haɗu da kamfanin.

'Yar Asawase: To ka gani. Na yi koyon ɗinki shekara guda kafin in koma karatu. Ranar farko ba a ba ka shaddar mutane, takardar buhun siminti ake miƙo maka, ka yanka, ka ɗinka, ka ɓata son ranka. Keke ɗaya ne, hannu ɗaya ne, abin da aka sa a ƙarƙashin allura ne ya bambanta. Fankshan ɗinka kuwa tela ne da ke zuwa kasuwa da kansa ya yanko shadda mai tsada duk lokacin da aka ce ya gwada hannu. DI ba wani abu ba ne illa ka miƙa masa kayan daga waje: `tunatar(sunaye, mai_aikawa)`. Ranar aiki ka ba shi mai aikawa na gaske. Ranar gwaji ka ba shi na bogi, wanda ke tara saƙonni a jeri kawai. Da ka rubuta gwaji ɗaya da ke cewa "in ba a ce a aika ba, jerin nan ya zama fanko", da kwamfutarka ce ta yi maka faɗa, ba kawu ba.

Malamin Tafo: 'Yata, wannan ai miƙa kaya ga fankshan ne, muna yin sa tun ba ki shiga makarantar allo ba. Masanin manhaja Martin Fowler ne ya yayata sunan DI a 2004, sai mutanen Java suka ɗora masa gini. Na ga manhajar taminal da aka ɗora kan Spring, irin wannan gini na Java, kana buga `--help` kana jira ta tashi daga barci. Abin taminal ya kamata ya amsa kafin ka ɗage yatsa.

'Yar Asawase: Kwantena daban, ɗabi'ar daban, Malam. Ni ban ce ya ɗauko Spring ko takwararsa Guice ba. Ku duba manhajojin taminal irin su kubectl da gh na GitHub, duka da laburaren Cobra aka gina su a yaren Go. Kowane ƙaramin umarni a cikinsu ana miƙa masa wani abu da suke kira Factory, daga nan yake karɓar hanyar fita intanet. A gh har wurin buga rubutu daga nan yake zuwa. Da hannu suka haɗa, kuma ba sa nauyin tashi.

Mai Go na Alabar: Yaya ta yi gaskiya a kan gh, na karanta kod ɗin. Wanda ma ya gaji da haɗawa da hannu, Google ta fitar da wani kayan aiki mai suna Wire a 2018, shi yana rubuta kod ɗin haɗin tun kafin a gina manhaja, ba a lokacin da take gudu ba. Amma fa gh umarni nawa ne a cikinsa? Na ɗan'uwanmu guda ɗaya ne tak.

Malamin Tafo: Yauwa, faɗa mata.

'Yar Asawase: Guda ɗaya ne yau. Na san 'yan kasuwa. Wata mai zuwa kawu zai ce a tura ta WhatsApp, a bar waɗanda suka biya rabi, kada a tura ranar Juma'a. Maganar Juma'ar nan ma, in fankshan yana duba agogon kwamfuta da kansa, sai ka jira Juma'a ta zo kafin ka gwada? Agogo ma miƙa shi ake yi.

Ɗan Aboabo: Yaya, to in na miƙa komai daga waje, wa zai haɗa su?

'Yar Asawase: `main` ɗinka. Rubuta shi `main(argv=None)`, ka ba `parse_args` wannan jerin. Aikinsa ya karanta umarni, ya zaɓi mai aikawa, ya kira `tunatar`. Lissafin bashi kada ya san akwai argparse a duniya. Sai dai ka kula, in aka buga umarni ba daidai ba argparse yana fita da lamba 2, don haka a gwaji sai ka tare SystemExit, wato alamar fitar da Python ke jefawa.

Malamin Tafo: Wannan na yarda da shi, don tsari ne mai kyau ko ba a raɗa masa suna ba. Inda nake nan daram shi ne, ranar da na ga ka sauko da laburaren DI saboda layi 200, zan zo Aboabo da kaina. Kuma ka sa `allow_abbrev=False`, in ba haka ba `--ai` ma argparse zai karɓe shi a matsayin `--aika`. Manhajar da ke taɓa mutuncin mutane bai kamata ta riƙa cika maka magana ba.

Mai Go na Alabar: Ni da zan ƙara, kafin ta aika ta nuna sunaye nawa ne, ta tambaya "a tura?"

'Yar Asawase: In ya sa ta gudu da kanta ta cron, mai tada manhaja a lokacin da aka tsara fa, wa zai amsa? Sai an ƙara tutar `--eh`.

Ɗan Aboabo: Na gyara `store_true`, na kuma fitar da mai aikawa waje, layi shida ya ƙaru. Gwajin sai gobe, an ɗauke wuta kuma batirina saura kashi 9. Yanzu dai kawu ya ce in je gidan surukin nan da kaina bayan la'asar. Malam, da goro ake zuwa ko hannu sake?

Malamin Tafo: Da goro. Kuma ka bar kwamfutar a gida.