Neman shawara: ina son rubuta shirin talabijin, amma Baba ya hana ni zuwa Kano

Ummu Salma, Gusau:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na karanci aikin jarida, kuma na daɗe ina rubuta littafi ina sakawa a WhatsApp. Burina yanzu in rubuta shiri mai dogon zango, nan gaba ma in zama furodusa. Wani ya ce in tura masa labarina gaba ɗaya, in ya yi masa zai biya. Baba kuma ya ce ba inda za ni, ga halin da hanyar Tsafe zuwa Funtuwa take ciki. Don Allah ta ina zan fara? In tura labarin?

Hajiya Asabe, Talata Mafara:
Wa alaikumus salam. Kar ki tura, ƙanwata. Ni haka wani furodusa ya karɓi nawa, sai ganinsa na yi an sauya sunayen mutanen ciki, nawa sunan ko alama. Ki ba shi taƙaitaccen labari shafi biyu da kashi na farko kawai. In yana so ku yi rubutacciyar yarjejeniya gaban shaidu: nawa ne kuɗin kowane kashi, yaushe za a biya, sunanki zai fito a allo, kuma wa ke da labarin in za a yi zango na biyu. In ya ce ai amana ce, to amanar ce za a rubuta.

Malam Bello, Birnin Kebbi:
Ɗiyata, na yi aiki gidan talabijin har na yi ritaya, bari in faɗa miki inda marubutan littafi ke faɗuwa. A littafi kina iya cika shafi uku da abin da amarya ke saƙawa a ranta. Kamara ba ta ɗaukar zuci. Sai ta yi wani abu da ido zai gani, ko ta faɗa wa wani. Shafi ɗaya na sikirif, wato rubutaccen labarin da ake ɗaukar fim da shi, kusan minti ɗaya ne a allo, ki auna da haka. Kowace fitowa ki rubuta waje ne ko ciki, dare ne ko rana.
Sannan ki san kowane layi kuɗi ne. Kin rubuta taron biki mutum ɗari biyu da dare? Furodusa zai lissafa abincinsu, fitilu, man janareto, hayar gida, ya ajiye labarinki gefe. Wanda ya iya tayar da rikici mai zafi da mutum biyar a tsakar gida ɗaya, shi ake nema. Aikin furodusa ke nan ma, neman kuɗi da tattalinsu; ba shi ke cewa a ɗauka ko a yanke ba, wannan na darakta ne.

Abu Sadik, Ƙaura Namoda:
Ki bi maganar Baba. Rubutu ba ya buƙatar tashar mota. Tun da Arewa24 ta buɗe a 2014, ga kuma YouTube, ana neman labarai sosai, ta waya ake turawa. Ki leƙa NTA Gusau ko gidan rediyon jiha ki nemi su gwada ki da gajeren wasa. Ki shiga gasar Hikayata ta BBC Hausa, tunda ta mata ce. Ki kuma riƙa tuna cewa fim ɗin da aka shirya a Kano sai ya bi ta Hukumar Tace Fina-finai.

Maman Hanif, Gusau:
Abu Sadik, rubutu na yarda, amma furodusa daga ɗaki? Ina! Sai ta je lokeshan, wato wurin ɗaukar fim, ta ga yadda rana ke faɗuwa ba a gama rabin aiki ba.

Malam Bello:
Gaskiyarki, amma lokeshan ba sai Kano ba. Ta tara 'yan wasan makarantarsu, su ɗauki minti goma da waya nan Gusau, ita ta riƙe lissafi. In Baba ya gani da idonsa, sai a yi masa maganar kwalejin talabijin ta NTA da ke Jos.

Ummu Salma:
Na gode, Allah Ya saka da alheri. Hajiya, in ba damuwa zan turo miki yarjejeniyar ki duba mini kafin in sa hannu.