Nowel ba sabon kaya ba kaza: wa ya taɓa yi, yaya kuka ƙare?

Maman Biyu (Sabon Gari):
Salama gare ku 'yan'uwa. Dan Allah wanda ya taɓa shiga irin halin da nake ciki ya faɗa min yadda ya yi. Bana abin bai zo da sauƙi ba, maigida wata uku ke nan ba a biya su ba inda yake aiki, ni kuma ɗan cincin da nake soyawa ribar duk ta tafi kuɗin lakwal da 'yan garuwa, kun dai san Damagaram da ruwa. Ran Alhamis na shiga kasuwar Dole na taya atamfa, da na ji kuɗin na ajiye na juyo abina. To jiya da dare babbar, mai shekara 11, ta ce ita in ba sabon kaya ba za ta majami'a ran Nowel ba, wai 'yan makarantar Lahadi za su yi mata dariya, kuma ita aka ba Maryamu a wasan kwaikwayo. Na ce ke, Yesu ma ai a komin dabbobi aka kwantar da shi, sai ta ce min "ai shi jariri ne bai san komi ba". Gsky na rasa ta cewa. Kun taɓa yin Kirsimetin da babu komi sai zuwa sujada kawai? Ya aka yi da yara?

Tsohon Mushe:
'Yata, yarinyar nan tana da kai, kar ki dake ta. Ni na yi irin wannan Nowel ɗin amma ba talauci ya kawo shi ba. Duk wanda yake garin nan ya san ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015, bayan zanen barkwanci na Annabi Muhammadu da jaridar nan ta Faransa, Charlie Hebdo, ta buga, aka fito bayan sallar Juma'a aka sa wa majami'u wuta, har gidan al'adun Faransa bai tsira ba, washegari abin ya koma Yamai. Mu maƙwabcinmu ne, Alhaji, ya shigar da mu ɗakin matarsa ya zauna a zaure da carbinsa kamar ba komi, daga baya muka kwana a barikin soja da kayan jikinmu. Gidanmu kuwa da muka koma ko cokali babu. To da Disamba ta zagayo muna haya a wani ɗaki ciki da falo, wa yake ta atamfa? Mutane da yawa sun bar gari, wasu Bene wasu Najeriya, bencin da muka saba cikawa ma babu su, toka ce. Tabarmi muka shimfiɗa, bango har lokacin da baƙin hayaƙi, ga iskar hunturu tana shigowa ta inda taga take a da. Fasto ya karanta Matiyu sura 1 inda aka ce za a kira sunansa Immanuwel, wato Allah yana tare da mu. Shekara ta fi 40 ina jin ayar nan, ran nan ne ta shige ni. Matata da ba ta kuka a gaban mutane sai da ta rufe fuska da gyale. Da aka tashi shinkafa da wake muka ci da mai da yaji, kwanon farko gidan Alhaji aka kai.

Ɗan Birni:
Baba Allah ya ƙara lafiya. Ni musulmi ne amma ina nan cikinku tun muna lise da wasu. Abin 2015 har yau kunya nake ji in an tuna. Mu dai gidanmu duk 25 ga wata yara tun safe suke leƙen ƙofa suna jiran kwanon maman da ke kusa da mu, ita ma da layya cinya guda tata ce ba a taɓawa. Akwai shekarar da mijinta ya rasu ba ta dafa komi ba, sai inna ta ce to bana mu za mu dafa mata, aka yanka zabi biyu aka kai mata tana dawowa daga eglis. Mu ma fa muna da labarin haihuwar Annabi Isa a Suratu Maryam, ita kaɗai a gindin dabino naƙuda ta kama ta, ba ɗaki ba ungozoma. Ki gaya wa ɗiyarki haka, ba a ce tana sanye da leshi ba 😄

Ester_ZR:
Ni fa zan faɗi gaskiya ko za ku ji haushi. Manya mun iya cewa "ba kaya ne Kirsimeti ba" alhali mu ne muke fara ƙare wa mutum kallo daga ɗankwali har takalmi tun daga bakin ƙofa. Zumuntar mata a fitar da anko a ce kowa sai ta yi, wadda ba ta yi ba ta koma bencin baya ko ranar ta ce kanta ke ciwo. Ni mamana ta taɓa fashin sujadar Nowel saboda anko, da idona na gani, ta zauna gida tana tsince shinkafa tana bin waƙar da ake jiyowa daga nesa a hankali. Yaran a wurinmu suka koya. Kafin mu yi wa 'yar shekara 11 wa'azi mu fara da kanmu.

Maman Biyu (Sabon Gari):
Yaya Ester kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Ni kaina ankon bana ban yi ba, kuma ban faɗa wa kowa ba ina ta tunanin ƙaryar da zan yi.

Malamin Katikisim:
Ba sai kin yi ƙarya ba mama. Bari in ƙara wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba. A Luka sura 2, bayan kwana 40 da Yusufu da Maryamu suka kai yaron Haikali a Urushalima, hadayar da aka ambata kurciyoyi biyu ne ko 'yan tattabaru biyu. Ki duba Littafin Firistoci sura 12, asali ɗan rago ake kaiwa, tsuntsu biyu kuwa na wadda ba ta da halin rago ne. Ke nan gidan da Almasihu ya zaɓa ya shigo duniya ta cikinsa gidan da ba su iya sayen rago ba ne. Kuma waɗanda aka fara yi wa albishir makiyaya ne masu kwana a daji, da ƙurarsu da warin tumakinsu suka je Baitalami, ba wanda ya koma gida ya sake riga. Ita ranar 25 ɗin ma ba a rubuta ta a Littafi Mai Tsarki ba, ikilisiyar Roma ce ta riƙe ta tun ƙarni na 4, Kiristocin Habasha da Kibɗawan Masar ma sai 7 ga Janairu suke nasu. Ba wai ina rage mata daraja ba ne, mu Katolika mako huɗu muke shiri kafin ta zo, kuma mes, wato sujadarmu, ta daren 24 ba na fashinta ko ina zazzaɓi. Amma abin da ake zuwa yi shi ne a durƙusa a gode don Kalma ya zama mutum ya zauna a cikinmu, kamar yadda yake a Yahaya sura 1. Sauran duk gishiri ne.

Ɗalibi a jami'a:
Nawa na 2023 ne. Iyayena suna Kano, kullum hutun Disamba Matamaye zuwa Daura nake bi in je gida, to bayan juyin mulkin Yuli aka rufe iyaka, ga kuran, wato wutar lantarki, ba ta zama tunda Najeriya ta yanke, 'yan kabu-kabu masu bi da mutum ta daji kuma kuɗin da suka ce ya fi ƙarfina, baba ya ce in zauna kawai. 24 ga wata ta faɗo Lahadi, ke nan sujada da safe, a dawo da dare, Litinin kuma a koma. Na ce ni sau ɗaya zan je ya isa. Da daren muna tsakiyar waƙa wuta ta ɗauke, fiyano ya mutu lasifika ta mutu, sai wata tsohuwa ta jawo tulunta ta fara bugawa, mata suka ɗauka da caki, kowa ya kunna tocilar waya. A duhun nan ba wanda ya san me wani ya sa, ni da rigar ƙwallo na je da silifa. Washegari ni na riga mai buɗe ƙofa zuwa. Gida huɗu suka kira ni cin abinci har sai da na ɓoye.

Mai jinya:
Ku dai ku gode kuna samun zuwa. Ko da yake 25 ga Disamba ranar hutu ce a ƙasa mu masu gadi a asibiti ba ruwanmu, shekara uku a jere a ɗakin haihuwa na yi tawa. Abokan aikina musulmi kan karɓe ni in na roƙa, ni ma ina karɓarsu da salla, amma wani lokacin ba hali. Wani dare wata 'yar ƙauye daga wajen Mirriya ta haihu ba ta zo da ko tsumma ba, zanen da na zo da shi don sanyi na yaga biyu muka naɗe yaron. Ina naɗewa ina dariya ni kaɗai, ungozoma ta ce lafiya, na ce ba komi.

Ester_ZR:
Af, kuma kar a fara yi wa masu zuwa sau ɗaya a shekara habaici daga kan bagadi dan Allah, "yau mun ga baƙin fuska". Ƙanena da kyar na lallaɓo shi bara, aka yi wannan maganar, bai sake takowa ba.

Tsohon Mushe:
Wannan gaskiya ne 'yata. A garin da mu 'yan kaɗan ne, mutum ya ɗauko Littafinsa a hannu ya ratso unguwa kowa na ganinsa ya zo, ai a ce masa sannu da zuwa. Tun 1924 'yan mishan na SIM suka fara aiki a nan Damagaram, sama da shekara ɗari ke nan, har yanzu ba mu yi yawan da za mu riƙa korar wani da baki ba. Maman Biyu, ki ce wa jikata kakanta ya ce Maryamu mai sabuwar atamfa ba ta yi kama da Maryamu ba, ta nemi tsohon zanenki mai shuɗi da farin mayafi.

Maman Biyu (Sabon Gari):
Na gode baba, na gode kowa da kowa. Na karanta mata na malam na tsuntsu biyu da na Ɗan Birni, ta yi shiru, can ta ce to amma bayan wasan me za ta sa. Mun shirya dai, tela zai rage mata doguwar rigata ta bikin ƙanwata a jikka ɗaya, ita kuma za ta yi Maryamu da tsohon zane. Ni ma zan je ba anko, bencin gaba zan zauna, yaya Ester ki ajiye min wuri kusa da ke. Yanzu saura ƙaramin, shi tunkiya aka ba shi ya ce sam shi raƙumi yake so. Kuma in akwai mai 'yar tsana babba ya ara mana kafin ran Asabar, wadda ake sawa a komin kanta ya cire.