Don Allah a taimaka, mita 400 na neman kashe ni

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni asalina ɗan ƙwallo ne, lamba 7 nake bugawa a tim ɗin unguwarmu tun ina ƙaramar sakandare, in aka jefo min ƙwallo ta gefe ba mai kamo ni. To bara wani ya shigo min da ƙafa biyu a wasan da ko kofi babu, idon sawuna ya goce, wata uku ina ɗingishi, Baba ya rantse ba ni ba ƙwallo ya ce in koma shago in riƙa taya shi, kuma ban ga laifinsa ba don shi ya biya mai ɗori har sau biyu. Bana da na samu makaranta wani malami ya ga muna tsere da yara sai ya sa sunana a mita 400, saura sati biyar a yi gwajin fitar da masu wakiltar makaranta. Matsalar ita ce ina tashi kamar kibiya, rabin farko ni ne a gaba, amma da na shiga kwanar ƙarshe sai ƙafafuna su yi nauyi kamar an ɗaura min buhun siminti, hannu ya ƙi ɗaguwa, ina ji ina gani su wuce ni ɗaya bayan ɗaya. Jiya har amai na yi a bakin fili. Alhali kullum bayan asuba sai na yi kilomita 10 a titi. Me ya rage ban yi ba?

Tsohon Koci:
Wa'alaikumussalam. Ƙanina ka ba mu labarin ɗori da shago amma ba ka faɗi sakan nawa kake yi ba. Kuma a wane layi kake tsayawa?

Mai tambaya:
Koci ban taɓa aunawa ba gaskiya, agogon malamin ya lalace. Layi kuwa na ƙarshe nake zaɓa, na waje, don ba mai tare min gaba.

Tsohon Koci:
To ai ga ta nan. Ba gaba kake ba, gaba aka ajiye ka. Zagayen fili mita 400 ne a layi na 1 kawai, kowane layi faɗinsa mita 1.22, shi ya sa ake turo na waje gaba da sama da mita 7 a kan na kusa da shi, sai an fito kwanar ƙarshe ake sanin wane ne wane. Kai kana can ba ka ganin kowa, kana zuba gudu kamar an biyo ka da kulki. Ba mai yin 400 da ƙarshen ƙarfinsa tun daga tashi, ko zakarun duniya rabinsu na biyu ya fi na farko jinkiri. Ka tashi da ƙarfi mita 50, ka saki jiki a miƙaƙƙen baya ba tare da ka rage tsawon taku ba, kwana ta biyu ka fara aiki da hannu. Kilomita 10 ɗin nan kuma ka ajiye ta, ba gudun fanfalaki za ka yi ba. Ka yi mita 300 sau uku da hutun minti takwas a tsakani, sau biyu a sati, wata rana 200 sau shida. Shekara da shekaru ina wannan harka.

Ɗan Filato:
Ni dai a ganina wanda ke iya kilomita 10 kullum ba ɗan 400 ba ne. Ka nemi a maida kai 800, zagaye biyu, a tsaye ake tashi ba ruwanka da matokari, wato abin da ake tokare ƙafa da shi wajen tashi, bayan kwanar farko kowa ya gangaro ciki. Ku duba Rudisha na Kenya a gasar Olympics ta Landan 2012, minti 1 da sakan 40.91, shi ya ja su tun daga farko har ƙarshe.

Tsohon Koci:
Yaron da bai san lokacinsa a zagaye ɗaya ba za ka ƙara masa na biyu? Haba malam.

Baƙin Doki:
Wai layin waje ne matsala? Van Niekerk a layi na 8 ya yi mita 400 cikin sakan 43.03 a gasar Olympics ta Rio 2016, tarihin duniya ne har yau ba a karya ba. Ni abin da zan ce maka ɗan uwa, kar ka kashe kanka a banza. Na wakilci jiha sau biyu, takalmi mai ƙusa ma aro na yi wajen wata yarinya, ya matse ni farcena ya fita, alawus ɗin da aka ce za a ba mu har yau shiru, wanda ya karɓi sunayenmu ya daina ɗaga waya. Yanzu Keke nake ja kuma alhamdulillahi.

Maman Biyu:
Ayya. Ka riƙa cin dabino da madara kafin ka fita, kuma kar ka ɓoye wa Babanka, in ƙafar nan ta sake tashi shi za a kira.

Tsohon Koci:
Madara kafin 400? Hajiya so kike ya ƙara aman? Awa uku kafin gudu ya gama cin abinci. Kuma ka koyi jiran bindiga, tun 2010 tashi ɗaya kafin a harba an kore ka, Usain Bolt kansa haka aka fitar da shi a gasar duniya ta Daegu 2011.

Mai tambaya:
Na gode duka. Amma Koci gaskiya kilomita 10 ɗin ita ta dawo min da ƙafata, kuma da asuba ne kawai nake da lokaci, filin ba a buɗe shi sai takwas lokacin ina aji, la'asar kuma ina shago. Layin waje ma na saba da shi, in na ga mutum a gabana rikicewa nake. Baba kuwa ya ce ƙwallo ya hana, bai ce gudu ba.

Tsohon Koci:
To me ya kawo ka tambaya?

Mai tambaya:
A'a ba raina shawarar na yi ba wallahi, zan gwada 300 ɗin ranar Lahadi in na samu wanda zai riƙe min waya. Wai akwai wanda ya san inda ake samun takalmi mai ƙusa na gwanjo, lamba 43?

Baƙin Doki:
Nawa 41 ne, ƙusa biyu sun ɓace.