Yaushe duƙushi ke zama doki, kuma wanne ake kira ingarma?

Sabon Mahayi, Ringim:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena masu dawaki. Ina neman a warware mini wani abu. A wajen kilisa ko a kasuwa, dabba guda sai ka ji wani ya ce duƙushi ne, wani ya ce ai wannan ya zama doki, dillali kuma ya ce ingarma. A wace shekara ake daina cewa duƙushi ko duƙusa? Shi ingarma, shekaru ne ke ba shi sunan ko girman jiki? Sannan idan mai sayarwa ya ce shekararsa 4, ta yaya zan tabbatar ba tare da na dogara da bakinsa ba? Allah ya saka da alheri.

Baban Barga, Gumel:

Wa alaikumus salam, ɗana. Sunayen nan ba hanya ɗaya suke bi ba, shi ya sa suke rikita mai koyo. Wasu na jinsi ne, wasu na shekaru, wasu kuma na ƙirar jiki.

Doki sunan dabbar ne gaba ɗaya, amma a bakin mahaya in an ce doki kawai, namiji ake nufi. Macen ita ce goɗiya. Ɗan da aka haifa, namiji duƙushi, mace duƙusa, kuma sunan yana bin su tun suna shan nono har bayan yaye. Ita mace iyakarta a fili take: da zarar an yi mata barbara ta haihu, ba mai sake ce mata duƙusa. Wadda ta girma aka yi ta kai ta barbara ba ta ɗauka, juya ce. Namiji ne ake gardama a kansa. Mu a nan, muddin akwai sauran haƙorin nono a bakinsa, duƙushi ne, ko da an fara ɗora masa sirdi.

Ingarma ba shekaru ba ne. Namiji ne da ya cika ya tumbatsa, dogo, mai faɗin ƙirji da kaurin wuya, irin wanda zai ɗauki hakimi da kayan ado ran hawan sallah bai nuna gajiya ba. Gajeren doki kuwa kuru ne, ko ya shekara 15 kuru zai mutu. To ka ga dillalin da ya nuna maka ɗan shekara 2 ya ce ingarma, fata yake yi maka, ko kuma kuɗi yake so ka ƙara.

Ka kuma kiyaye da sunayen launi. Akawal baƙi ne, kili fari. Amma yawancin fararen dawakin da kake gani da duhu aka haife su, gashin yana washewa shekara bayan shekara, ya bi ta dabbare-dabbare irin na hurde kafin ya koma fari. Saboda haka doki guda zai iya sauya sunan launinsa a hannun mai shi.

Malam Mai Duba Baki, Wudil:

Baba ya gama magana a kan sunaye. Ni bari in ɗauki tambayarka ta ƙarshe, ƙanena, don nan ne kuɗin mutum ke salwanta.

Ka tsaya ta gefen hagu, dab da kafaɗarsa, kada ka tsaya a gabansa. Wani ya riƙe ragama. Ka ɗaga leɓen sama da hannu ɗaya, ka ja na ƙasa da ɗayan. In kana son ya buɗe baki, ka zura babban yatsa ta gefen baki, wurin da linzami ke zama, don nan babu haƙori. Haƙoran gaba za ka duba, 6 a sama 6 a ƙasa: biyu na tsakiya, biyu masu bi musu, biyu na gefe.

Haƙorin nono ƙarami ne, fari fat, mai santsi, yana da ɗan wuya inda ya haɗu da dasashi. Na girma ya fi faɗi da tsawo, yana da ɗan rawaya-rawaya, ba shi da wannan wuyan. Famfara tana zuwa da tsari. Na tsakiya suna faɗuwa wajen shekara 2 da rabi, masu bi musu shekara 3 da rabi, na gefe shekara 4 da rabi. Kowane sabo yana ɗaukar kamar wata 6 kafin ya kai ga abokinsa na sama ko na ƙasa. Ke nan a shekara 5 baki ya cika. Wanda aka ce maka shekararsa 4, dole ka ga manya 4 a ƙasa, da ƙananan fararen nono guda biyu a gefe. In manya biyu kawai ka gani, bai wuce 3 ba.

Tsakanin shekara 4 da 5 namiji yana fitar da fiƙa a bayan haƙoran gaba. Goɗiya galibi ba ta da ita, ko ka ga ɗan tsiro kawai. Ka kula da yatsanka a wurin.

Bayan 5 sai a koma kallon saman haƙoran ƙasa. Kowanne yana da ɗan rami baƙi a tsakiya, wanda cin abinci ke shafewa: na tsakiya wajen shekara 6, masu bi musu 7, na gefe 8. Wajen shekara 10 wani layi mai duhu yana ɓullowa a haƙorin gefe na sama, daga jikin dasashi. Yana kai rabin haƙorin wajen 15, ya kai ƙarshe wajen 20. Tsohon doki haƙoransa suna miƙewa gaba, samansu ya tashi daga faɗi ya koma mai kusurwa uku.

Alhaji na Kara, Maigatari:

Malam, lissafinka daidai ne, sai dai zan yi gyara biyu. Daga haihuwa zuwa shekara 5 baki ba ya ƙarya. Daga 8 zuwa sama kuwa kintace ne. Dokin da ake zuba wa harawa da dusa a ƙasa, a yashi irin namu na Jigawa, haƙoransa suna cinyewa da wuri, sai ɗan shekara 7 ya yi kama da ɗan 10. Kuma wancan layin na shekara 10 ba kowane doki ke fitar da shi sosai ba. Ka haɗa da kallon ramin saman ido, da furfura a fuskar doki mai duhu, da lotsawar baya.

Na biyu, Baba, da girmamawa, a kasuwar Alhamis ta nan Maigatari ba kowa ke jiran shekara 5 ba. Da yawa da zarar ya yi famfarar farko an hau shi, doki suke ce masa. Shi ya sa nake cewa mai saye ya bar suna ya nemi baki.

Ha'inci iri biyu ne, kuma abin takaici ne a ce musulmi na yi. Akwai masu cire haƙorin nono kafin lokacinsa don ƙaramin duƙushi ya yi kama da wanda ya isa hawa. Alamarsa, giɓi da dasashi ja ko kumburarre, kuma babu kan sabon haƙori a ciki. Akwai kuma masu ƙwaƙule saman haƙorin tsoho su ƙona wurin ya yi baƙi. Wannan siffar haƙorin ce ke tona shi, don ba yadda za a yi rami irin na ɗan shekara 6 ya zauna a kan dogon haƙori mai kusurwa uku. Mai dokin da ya hana ka buɗe baki, ya ce wai yana cizo, ka yi gaba abinka.

Sabon Mahayi, Ringim:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Saura ɗaya: tunda wasu na hawa tun yana shekara 2, mene ne laifin hakan? Kuma me ya sa ba na ganin goɗiya a hawa?

Baban Barga, Gumel:

Laifin yana cikin ƙashi. Gwiwar duƙushi ba ta gama ƙwari sai ya haura shekara 2, ƙashin bayansa kuwa sai wajen 5 zuwa 6. A shekara 2 ka saba masa da ragama, da ɗaga kofato, da jan sa a hannu, da sirdi ba mahayi. A 3 yaro mara nauyi ya hau, tafiya kawai, minti 15 zuwa 20. Sukuwa da babban mutum da kayan hawa a bari sai baki ya cika. Wanda aka yi wa gaggawa shi ne za ka gani da kumburin ƙafa, da baya a lotse, ko ya koyi tutsu saboda zafin da yake ji.

Goɗiya kuwa ba raina ta aka yi ba. Dawakin hawanmu kusan duk maza ne da ba a dandaƙe ba, ita kuma tana neman namiji kusan kowane kwana 21, na tsawon kwana 5 zuwa 7. Ka shigar da ita cikin ayari a wannan hali, haniniya da harbi da cizo za su tashi, a ka da mahaya. Shi ya sa take zama a ƙauye wajen masu kiwo. Cikinta wata 11 ne, ana yaye ɗan a wata 5 zuwa 6, kuma kada a kai duƙusa barbara kafin ta cika shekara 3.

Wani abin da masu kiwo ke sakaci da shi: duƙushi yana iya yi wa mace ciki tun yana shekara ɗaya da 'yan watanni, tun ana ganinsa yaro. Kafin ya cika shekara a raba masa turke da uwarsa da 'yan'uwansa mata, kuma in za a sake su kiwo da rani, a sa masa dabaibayi ko a kai shi wani fili daban.